Makunnin Yaƙi

Injin ya sake mutuwa. Ya yi wani irin tari, jar fitila ta kama a allonsa, sai tsit. Manyan fankokin da ke ƙarshen ɗakin kaji suka ci gaba da juyawa da ɗan sauran ƙarfinsu, a hankali, a hankali, har suka tsaya cak.

Auta ta dire bokiti a bakin ƙofa, ruwa ya fantsalo mata a zane. "Yaya! Ya kuma mutuwa!"

"Ai ina tsaye a kansa, na ji," in ji yayanta, yana goge gumi da bayan hannu. "Ihu ba ya tada inji. Zo nan."

Tun da safe taransfomar unguwa ta yi wata ƙara ta kama hayaƙi. Duk wanda Auta ta kira cikin masu gyaran wuta sai ya ce mata suna hanya. Wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa, Allah kaɗai ya sani. Rana kuwa ta fito da mugun nufi, ko ƙofar ƙarfe ka taɓa sai ka janye hannu. Ga shi ɗakin kajin ba irin wanda iska ke ratsawa ba ne. Marigayi mijinta ne ya gina shi, dogo, a rufe ruf, babu taga ko ɗaya, irin wanda ya gano a wata babbar gona: fankoki a ƙarshe suna zuƙe zafi, iska na shigowa ta ɗaya ƙarshen ta cikin jiƙaƙƙen labule. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama ya tambayi kansa ranar da babu wuta sai yaya ba. Ya tafi ya bar ta da 'yan mata biyu a makaranta da wannan ɗaki. Kajin ciki tun suna 'yan tsaki take rainonsu, sai a makon nan suka fara ƙwai. Ba ta da albashi, ba ta da gona, ba ta da wani abin da za ta juya ta kama. In suka mutu, ita da 'ya'yanta sun shiga uku.

Ɗan janaretanta na cikin gida fitila da firji kawai yake iyawa. Fankokin nan da famfon rijiya wuta mai layi uku suke ci. Shi ya sa ta kira yayanta tana kuka, shi kuma bai tsaya tambaya ba, ya rufe shagon waldarsa, ya nemi mai akori-kura ya janyo Saja.

Saja shi ne injin. Kore ne, ƙato, a kan ƙafafun taya, da baƙaƙen lambobi a gefe. A gwanjon kayan sojoji Yaya ya saye shi, kuma tun ranar yake sara masa duk safiya kafin ya tada shi. Mutane na yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Layin da shagonsa yake ba a ba su wutar kirki, saboda haka duk ƙofar da ya haɗa, duk tagar da ya ƙera, duk lomar da yaransa suka kai baki, daga cikin Saja ta fito. Ko yanzu akwai ƙofofin wani sabon gini jingine a shago suna jiran a ƙarasa su.

"Karanta min gejin nan," in ji Yaya, ya nuna allon da yatsa.

Dole ta karanta masa. Shekarun da ya yi yana walda, rabinsu ba gilashi saboda tsabar taurin kai, sun cinye masa ido. Yana gane fuskar mutum, yana ganin hanya, amma ƙananan lambobi da siririyar allura sai dishi-dishi. A shago matarsa ce ke leƙowa ta duba masa.

"Wannan na farko allurarsa tana kwance a ƙasa."

"Na wuta ke nan. Ɗazu da fankoki ke juyawa fa?"

"A kwance take."

"Na biyu?"

"Ya haye can ƙarshe, cikin ja."

Yaya ya yi tsaki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin injin ya bar shi a nan. "Wai ya tafasa ke nan. Ga hannuna, bai ƙone ba. Kuma wai babu wuta, alhali fanka na juyawa. Maƙaryatan banza! In ka ga duk sun haukace lokaci ɗaya, ba su ba ne, waya ce."

Ya kwance sukurori ya buɗe allon. Auta ta leƙa. Wayoyi ne cunkus, kuma dukkansu farare, babu ja babu baƙa. Haka sojoji ke yi, in ji Yaya, kowace waya da lambarta a jiki, ƙanana kamar tururuwa. Ya riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mata, tana share ƙura da yatsa tana karantawa, shi yana girgiza kai. Daga cikin ɗakin kaji kuwa babu abin da ke tashi sai wani ƙaramin sauti na haki, na dubban bakuna a buɗe. Gara a ce kuka suke yi.

"Yaya, don Allah yi sauri."

"Ke dai karanta."

A can ƙuryar allon ya lalubo ta: wata waya mai kauri da ke ɗaure a jikin ƙarfe, notinta ya saki, bakinta ya yi kore da tsatsa. Ramukan hanya ne suka ƙarasa girgiza ta. Ya kankare ta da wuƙa har ta yi ƙyalli, ya ɗaure da sifana, ya murɗa makunni. Saja ya yi gurnani ya tashi. Allurar wuta ta yi tsalle ta tsaya a tsakiya, ta zafi ta sauko ta zauna inda ya kamata. Fankoki suka ɗauka.

"Kin gani? Saja ba ya gudu daga fagen fama!" Yaya ya ƙame ya sara masa.

Auta ba ta tsaya dariya ba, ta ruga ciki. Zafi ya mare ta a fuska, ga warin kashin kaji ya cika ɗakin har yana yaji a ido. Kaji sun baje a ƙasa, fukafukai a buɗe, wuya a miƙe, tukkayensu da suke jajaye da safe sun fara yin duhu. Ta tsallaka su ta kunna famfo don tanki ya samu ruwa, ta jiƙa labule. Iska ta fara motsi. Wata kaza ta ɗaga kai ta miƙe tsaye tana layi. Auta ta ce, "Yauwa 'yar albarka, tashi," sai ta ji ƙarar injin ta canza. Tari, sannan tsit.

Wayyo Allah! Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuwa a ka. A gindin bango ta ga guda uku sun kife, ƙafafu a sama. Ta kwashe su ta fito da su, jikinsu zafi rau kamar an sauke daga wuta, ta ajiye a inuwar tanki.

"Wace fitila ce ta kama?" in ji Yaya.

Ta duba. "Wadda aka zana butar mai a kanta."

Fuskarsa ta sauya. Ya zagaya gefe, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge a wandonsa, ya mayar, ya sake zarowa ya shafa da yatsa. Mai a cike yake. Ya sa ta tsaya a gaban allon ya sake tada injin. Allurar gejin mai ta ɗan ɗaga, ta yi rawa, ta fara komawa baya, jar fitila ta kama, injin ya kashe kansa.

"Shi ma ƙarya yake yi, ko?" in ji Auta. "Ai ɗazu ma ƙarya suka yi."

"Wataƙila."

Ya zare wayar da ke zuwa daga jikin injin ya taɓa ta a ƙarfe. Allura ta yi tsalle har ƙarshe. Ya ciro fiyus ya ba ta ta ɗaga a rana, ta ce siririyar wayar ciki ba ta tsinke ba. Ya sa ta riƙe masa mita ta karanta wutar batir, ta faɗa, ya ce daidai ne. Ya bi wayar da yatsu tun daga allo har gindin injin yana neman inda ɓera ya ci ko inda ta goge, bai samu komai ba. Duk abin da ya gwada lafiyarsa ƙalau, kuma duk lafiyar da ya samu sai fuskarsa ta ƙara ɓaci. Auta na zirga-zirga tsakanin injin da ɗaki, tana tsoma kaji a bokiti ɗaya-ɗaya har wuya tana ajiyewa. Kaji dubbai, ita kuma hannu biyu. Tarin da ke inuwar tanki ya fara tsawo.

"Saurara," in ji Yaya da ta dawo. "Geji lafiya, waya lafiya. Saura abu biyu. Ko dai 'yan na'urorin da ke jin ƙarfin mai a jikin injin sun tsufa suna kawo labarin ƙarya, ko kuma gaskiya suke faɗa, mai yana ciki amma ba ya hawa inda ake bukatarsa."

"To a yi yaya?"

A nan ne idonta ya faɗa kan wani makunni a gefen allon, an rufe shi da jar murfi, an kuma ɗaure murfin da wayar ƙarfe.

"Wannan fa, na mene ne?"

"Cire idonki daga nan."

"Na mene ne, Yaya?"

Ya yi ajiyar zuciya. Makunnin yaƙi ne, in ji shi. Injin nan an yi shi da wayon kare kansa: in mai ya gaza ko zafi ya yi yawa, sai ya mutu kafin ya lalace. Amma soja in yana tsakiyar wuta, rediyonsa na kan injin, ba ruwansa da lafiyar inji. Sai ya ɗaga wannan. Daga nan babu jar fitilar da za ta kashe shi, zai yi ta gudu ko da yana cin kansa. Tun ranar da Yaya ya saye shi ya ɗaure murfin, bai taɓa buɗewa ba.

"To ɗaga mana!"

"Haka kawai?"

"Kajina na mutuwa kana min karatu! Ɗaga, don girman Allah!"

"Ke, Auta, shiga hankalinki!" Ya daka mata tsawa irin wadda rabon da ya yi mata tun suna yara. "In na ɗaga alhali mai ba ya hawa, ƙarfe zai ci ƙarfe har ya buga. In Saja ya buga, waye ke da kayansa a garin nan? Wa zai sayar min da cikin injin soja? Na koma gida in ce wa yara me?"

Ta fashe da kuka. Ba kukan neman tausayi ba, kukan wanda ya ga abu na zube masa ta tsakanin yatsu. Yaya ya kawar da kai, ya durƙusa gaban akwatin kayan aikinsa yana birkitawa da ƙarfi kamar akwatin ne ya yi masa laifi. Can ya ɗago da wani tsohon geji mai gilashi a tsage da gajeren bututu a gindinsa.

"Share hawayen, ina bukatar idonki. Wannan ba ruwansa da waya, ba ruwansa da batir. Mai da kansa ke tura allurarsa. Abin da ya faɗa shi ne."

Ya kwance 'yar na'urar da ke gefen injin, ya ɗaura gejin a gurbinta, mai mai zafi na bin yatsunsa. Ya zaro allin da yake zana ƙarfe da shi daga bayan kunne ya ba ta. "Nemo ashirin, ki ja layi a kan gilashin." Ta ja. "Ni zan tsaya a allo in riƙe makunni don kada ya mutu da wuri. Ke ki zuba ido. In allura ta wuce layin ta tsaya, na'urorin ne maƙaryata, in ɗaga miki makunnin yaƙi yanzun nan da hannuna. In ba ta kai ba, sai haƙuri, mu buɗe ƙofofi mu yi ta ɗiban ruwa, abin da Allah ya raya ya raya."

Ya zagaya. Injin ya tashi.

Auta ta durƙusa, fuskarta dab da gilashin, zafin injin na gasa mata kunci. Allura ta motsa. Ta hau, ta hau, Auta na binta da addu'a a fili, ta zo saura kaɗan ta taɓa layin alli. Ta tsaya tana rawa. Sannan ta fara zamewa baya.

"Ina take?" Yaya ya ɗaga murya ta saman ƙarar injin.

A bayanta fankoki sun fara juyawa. Ta ji iskar da suke fitarwa mai ɗumi da wari tana bugun bayanta. Ta ji wani fuffuke na dukan bangon kwano daga ciki, fat, fat, fat, irin dukan ƙarshe.

"Auta! Ina allurar take?"

"Ta wuce."

"Ta wuce sosai?"

"Sosai."

"Alhamdu lillahi! Ai na faɗa, Saja ba ya ciwon ciki!" Har da dariyarsa. Ta ji ƙarar filaya ta datse waya, ta ji ɗan ƙas na makunnin. Jar fitila ta kama, injin bai ko kula ta ba.

Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ta yi. Ba kuskuren ido ba ne, ba ruɗewa ba ce. Ta miƙe, ta ɗauki bokiti ta shige ɗaki ba ta kalli inda yake ba.

A ciki iska ta kama gudu sosai. Tanki ya cika, labule ya jiƙe sharkaf, sanyi-sanyi ya fara ratsa ɗakin. Kaji suka riƙa tashi ɗaya-ɗaya suna tangaɗi zuwa wurin ruwa. Wata ma har ta yi ɗan kuka, irin na kaza mai lafiya. Auta ta ce a ranta: kaɗan kawai. Su ɗan farfaɗo, sai in fita in ce masa allurar ta sauka yanzu, ya kashe. Ai inji ba zai lalace cikin ɗan lokaci ba. Injin soja ne fa.

Da ta fito zubar da ruwa, Yaya na zaune a kan akwatinsa a 'yar inuwar injin, ya cire hula yana fifita. "Leƙa min gejin nan."

Ta leƙa. Allurar ta ƙara yin ƙasa. Ta ɗaga kai ta dubi rana, tana nan tsakar ka, ko alamar karkata babu.

"Tana nan," in ji ta.

"Madalla."

Kai, ƙarya ta biyu ba ta da nauyin ta farko, wannan shi ne abin tsoron. Ta uku ma haka. Duk fitowar da za ta yi sai ya ce ta leƙa, duk leƙawa sai ta ga ta ƙara sauka, ta ce tana nan. Ta ce wa kanta in inuwar tanki ta kai bakin ƙofa za ta faɗa. Inuwa ta kai, ta shiga ɗaki ta ga har yanzu akwai masu haki a tsakiya inda iska ba ta kaiwa sosai, ta ce to in ta kai ga bango.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Matarsa ce. Ya buɗe murya yadda ya saba, don bai iya waya a hankali ba. Ta ce mai ƙofofi ya zo bai same shi ba, ta ba shi haƙuri zuwa gobe da safe. Sannan ta ce a ba ta Auta.

"Ƙanwata, sannu da wannan tashin hankali. Kada ki damu da mai ƙofofi, zai jira. Ku riƙe injin har wuta ta dawo, kin ji? Allah ya raya miki su."

"Amin, Anti," in ji Auta. Muryarta ta fito kamar ta wata. Kunya ta kama ta. Ta miƙa wa Yaya wayarsa.

Yaya ya karkata kai yana saurare. "Kin ji wani ɗan ƙas-ƙas?"

"Ban ji ba."

Ya tashi ya ɗora kan sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa. Ya daɗe a haka. Ya sunkuya kan gejin, ya matse ido, ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin, ya ɗago yana tsaki. "Ba na ganin komai sai tsagar gilashi. Duba min da kyau, Auta. Tana saman layi?"

Nan ne wurin faɗa. Ko a lokacin da ta faɗa, da wataƙila an ceci wani abu. Ta dubi tarin da ke gindin tanki, ƙudaje sun fara taruwa a kansa. Ta dubi rana, ta karkata amma ƙarfe na nan da zafinsa.

"Tana sama."

"To bawul ɗin saman injin ne ke surutu, tsufa ne." Ya shafa murfin injin. "Yi haƙuri dattijo, an kusa."

Tana cikin ɗaki tana kwasar ƙwan da wasu suka saki a ƙasa saboda wahala, ta ji shi. Ba ƙas-ƙas ba ne yanzu, duka ne, gwaf, gwaf, gwaf, kamar ana sara ƙarfe da guduma a cikin ganga. Fankoki suka yi wani nishi. Ta saki tiren ƙwai ta fito a guje. Yaya ya riga ya kai hannu allo ya kashe, amma ina! Injin bai sauka a hankali yadda ya saba ba, ya yi wata ƙara guda ɗaya ya ƙame. Hayaƙi mai shuɗi ya taso ta ƙarƙashin murfi, warin ƙonannen mai ya cika wurin.

Yaya ya jira injin ya ɗan huce, ya sa dogon ƙarfe a gaban injin ya danna da dukkan nauyinsa don ya juya shi. Ko gezau. Ya sake, har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya kwanta a ƙasa ya sassauta notin gindi, mai ya zubo masa a tafin hannu, ya murza tsakanin yatsu. Ba sai ya gani ba. Ko daga inda take tsaye Auta tana hango garin ƙarfe na ƙyalli a cikin man.

Rana ta riga ta yi sanyi a lokacin. Wata 'yar iska ta taso. Auta ta buɗe ƙofofin ɗakin duka biyu, gaba da baya, ta yaye labule, iskar ta ratsa. Kaji na tsaye, suna shan ruwa, wasu har sun koma kan abinci. Waɗanda suka mutu sun mutu, amma mafi yawa sun tsira. Ta tsaya tana kallonsu, ta nemi farin ciki a zuciyarta ta rasa.

Ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da tayar injin, ya kwance tsohon gejin yana jujjuya shi a hannu.

"Sun tashi?" ya tambaya.

"Sun tashi."

"To alhamdu lillahi. An samu ɗaya." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wannan tsinannen ma ashe maƙaryaci ne. Shekara da shekaru ina yarda da shi. Laifina ne, na ji ƙarar da kunnena na yi ta lallashin kaina. Ke kada ki sa wa ranki komai, kin ji? Ke dai abin da kika gani kika faɗa."

Da zaginta ya yi da ta iya ɗauka. Wannan ne ba za ta iya ba. Ta durƙusa a gabansa a cikin man da ya zuba.

"Yaya, gejin bai yi ƙarya ba."

Ya ɗago.

"Ba ta kai layin ba. Ni ce na ce ta wuce."

"Da na ji ƙarar?"

"Tun farko. Ko sau ɗaya ba ta kai ba."

Ya daɗe yana kallonta da jajayen idanun nan nasa. Ta fara magana da sauri, kalmomi na hawa kan juna: zai ɗauki rabin kajin, zai ɗauki duka in ya so, za ta sayar da filin, za ta je ta faɗa wa Anti da bakinta, za ta nemo masa wani injin ko a ina yake. Ya ɗaga hannu, ta yi shiru.

"Da kika kira ni kina kuka, na tambaye ki wani abu?"

"A'a."

"Na rufe shago na janyo shi har ƙofarki." Ya ajiye gejin a ƙasa a hankali. "Da kin ce min ba ta kai ba, kin san abin da zan yi? Zan zage ki. Zan zagi mijinki da wannan ɗakin nasa marar taga, Allah ya gafarta masa. Zan zagaya bayan tanki in yi tunanin yarana. Sannan in dawo in ga kina kwasar gawar kaji, in datse wayar nan in ɗaga. Wallahi da na ɗaga, Auta. Ni na goya ki."

Ya goge man hannunsa a wando, sannan ya ci gaba.

"Da yanzu zan koma gida in ce na ba ƙanwata injina. To yanzu me zan ce?"

Ya dafa taya ya miƙe, ya kira mai akori-kura ya ce ya zo ya ja, a'a, ba gida ba, bayan shago za a ajiye shi. Ya durƙusa yana tattara kayan aikinsa, yana shafa ƙasa da tafin hannu yana jefawa a akwati: filaya, wuƙa, mita, sukurorin allo. Wata 'yar ƙaramar sifana na kwance dab da ƙafarsa, hannunsa ya wuce ta sau biyu. Auta ta miƙa hannu za ta ɗauko masa.

"Bar ta," in ji shi, bai dube ta ba. "Zan lalubo. Je ki ba kajinki ruwa."